Mai bincike ɗaya, takardu kan otizim da ciwon daji: me jerin nan ke nufi, me kuma ba ya nufi

Akwai wani irin saƙo da ke yawo a gurup-gurup ɗinmu na WhatsApp nan Nima da Mamobi da Madina, musamman na iyaye mata. Za ka ga an ɗauko hoton shafin wani mai bincike na ƙasar waje, ga jerin takardun da ya wallafa har ka gaji da ja, rabi kan otizim rabi kan ciwon kansa, wato ciwon daji, sai a rubuta a ƙasa wai wannan farfesa ya gano gwajin jinin da zai nuna ko yaro na da otizim tun yana goye, wani lokacin ma har da lambar da za a tura momo a kawo maka magani. Nan take mutane sai su rabu biyu, wasu su ce ai mai takardu haka ba zai yi ƙarya ba, wasu su ce ɗan damfara ne kawai, me ya haɗa ciwon daji da yaron da ba ya magana? Toh duka ɓangarorin biyu akwai gyara a maganarsu, kuma abun ya dame ni don kuɗin mutane da lafiyar yaransu ne ke tafiya a ciki.

Otizim ɗin, wanda wasu ke kira galahanga, ba sabon abu bane. Tun 1943 wani likita Leo Kanner a asibitin Johns Hopkins na Amurka ya rubuta bayanin yara 11 masu irin wannan hali. Yaro ne za ka kira sunansa bai juyo ba alhali kunnensa lafiya lau, don da an buɗe ledar biskit a ɗaya ɗakin zai ji, ba ya nuna abu da yatsa don kai ma ka gani, zai iya zama ya jera marafen kwalba a layi ɗaya tsaf in ka gusar da guda ɗaya duniya ta tashi, in an kunna lasifika a gidan biki ya toshe kunnuwa yana kuka. Wani bai magana sam, wani kuma yana magana har ya gama jami'a amma mu'amala da mutane ke masa wuya. A baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ƙiyasta kamar yaro 1 cikin 100, a Amurka kuma inda suke tantancewa sosai alƙaluman da suka fitar a 2023 sun ce 1 cikin 36. Kuma har yau ɗin nan, a Ankara babban birnin Gana ne ko a Landan, da kallon halin yaro da tambayar iyaye tarihin girmansa ake tabbatar da shi. Babu wani gwajin jini da hukumomin lafiya suka amince da shi cewa shi zai ce wannan na da otizim wannan ba shi da.

Wannan giɓin shi masu bincike ke son cikewa, suna neman wata alama a jiki da za a iya aunawa da na'ura, a jini ko yawu ko hoton ƙwaƙwalwa, ita ce suke kira bayomaka. A ɓangaren kansa an yi nisa da wannan. Duk namijin da ya haura hamsin ya je asibiti da matsalar fitsari ya san PSA, gwajin jinin da ake yi don neman alamar kansar furostet. Mai ciwon hanta na hepataitis B, wanda yake da yawa a Gana, ana bibiyarsa da gwajin jini na AFP da sikanin don a kama kansar hanta da wuri. Macen da aka ciro tsokar nononta a asibitin Korle Bu za a duba ko ƙullun na da wani furotin mai suna HER2 da yawa, don amsar ita za ta nuna ko maganin Herceptin, wanda aka amince da shi tun 1998, zai mata aiki. Amma ko a nan ma alamar ba hukunci bace, PSA na iya hawa ba tare da kansa ba, dole sai an ciro tsoka an duba. Abun da ya sauƙaƙa wa masu kansa shi ne akwai ƙullu, ana iya yankowa a sa ƙarƙashin madubin likita. Otizim kuwa yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun yaro na ciki, kuma ba wanda zai yanko ƙwaƙwalwar yaro mai rai don gwaji, shi ya sa ake ta kewaye-kewaye.

An yi ƙoƙari fa, ba wai ba a yi ba. Tun 1961 aka lura cewa wasu masu otizim sinadarin serotonin ya yi yawa a jininsu, kuma binciken baya ya ci gaba da samun hakan a kusan ɗaya cikin huɗu ko ɗaya cikin uku, toh sauran fa? Kaga ba zai zama gwaji ba. A 2017 mujallar Nature ta buga wani aiki da ya nuna cewa a jariran da yayyensu ke da otizim, yadda saman ƙwaƙwalwa ke saurin faɗaɗa tsakanin wata 6 da 12 a hoton MRI na iya hasashen wanda zai samu, aiki mai kyau, amma yaran ba su da yawa kuma duka 'yan gidan da dama akwai shi ne. Wanda ya fi kusa da shiga asibiti shi ne na bin ido, na'urar da ke lura da inda yaro ke kallo in an kunna masa bidiyon yara na wasa, hukumar FDA mai kula da magunguna ta Amurka ta ba wata mai suna EarliPoint izini a 2022 don yara 'yan wata 16 zuwa 30, shi ma a matsayin mataimakin likita, ba madadinsa ba.

Yanzu ga inda masu cewa damfara ce suka yi gaggawa. Haɗuwar otizim da kansa a teburin mai bincike ɗaya ba abun mamaki bane ko kaɗan, kuma wallahi wannan shi ne wajen da ya fi burge ni a duk maganar. Jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana, kowace tana da umarnin gado da ke ce mata girma, rabu biyu, tsaya haka nan. Akwai wata ƙwayar gado mai suna PTEN da aka gano a 1997, aikinta shi ne birki, kamar trotro ce ke gangarowa daga dutsen Aburi, in birkin ya shanye ba direban da zai iya riƙe ta. In PTEN ta lalace a nono ko maƙogwaro ko mahaifa sai ƙwayoyin su yi ta rabuwa ba tsayawa, ƙullu kenan. In kuma da lalatacciyar aka haifi yaro, toh tun yana ciki ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa za su yi girma fiye da kima su haɗu da juna ba bisa tsari ba, sai a haife shi kan nasa na ta girma fiye da na sa'o'insa, wani kuma alamun otizim su biyo baya. A 2005 wasu likitoci a Amurka, cikinsu har da Charis Eng wadda ta yi suna kan wannan ƙwaya, suka duba yara 18 masu otizim da babban kai, suka samu 3 cikinsu PTEN ɗinsu na da tangarɗa. Kuma irin wannan tangarɗar ce dai ke kawo ciwon da ake kira Cowden, wanda wani binciken asibitin Cleveland na 2012 ya ƙiyasta cewa haɗarin kansar nono a rayuwar mace mai ɗauke da shi na iya kaiwa kusan kashi 85 cikin 100.

Ba PTEN kaɗai ba. Akwai TSC1 da TSC2, in ɗayansu ya lalace mutum na samun ƙulle-ƙulle a fata da ƙoda da ƙwaƙwalwa tare da farfaɗiya, kuma kusan rabin masu wannan ciwo na da otizim. Akwai wata ƙwayar gadon ma mai suna NF1, ita ma tana da alaƙa da ƙullu da otizim. PTEN da TSC ɗin nan hanya ɗaya suke tsaro a cikin ƙwaya, wadda ake kira mTOR, ita ke ba da izinin girma. Don haka mutumin da ya kwashe shekaru yana nazarin mTOR a kansar ƙoda, kayan aikinsa da ɓerayensa da iliminsa duk suna da amfani in ya juya ga ƙwaƙwalwar yara. Wani kuma ba ma wannan bane, shi gwanin na'urar auna furotin ne ko gwanin lissafin alƙaluma, yau a kawo masa jinin masu kansa gobe na yara masu otizim, sunansa ya fito a duka biyun.

Sai dai a kula, don kar wata uwa ta karanta wannan ta kasa barci. Waɗannan cututtukan gado ba su da yawa, ƙaramin yanki ne na masu otizim. A 2020 wani babban aiki ya lissafa ƙwayoyin gado 102 masu alaƙa da otizim, kuma ba ɗayansu da ya ɗauki kaso babba shi kaɗai. Wani bincike a Suwidin a 2022 da ya bi mutane sama da miliyan 2 ya samu cewa otizim shi kaɗai, in ba a haɗe da naƙasar fahimta ko wata naƙasar haihuwa ba, bai ƙara haɗarin kansa ba.

Ga kuma darasin da wannan hanya ta mTOR ta koyar. Akwai magani da ke danne ta, rapamycin, wanda aka samo daga ƙwayar bakteriya a ƙasar tsibirin Ista can tsakiyar tekun Fasifik, da ɗan uwansa everolimus da ake ba masu kansar ƙoda da ta nono. Da aka ba ɓeraye masu tangarɗar TSC, koyonsu da mu'amalarsu suka gyaru, kowa ya yi murna. Da aka gwada everolimus a yara masu TSC a Amurka da Holan, sakamakon da aka buga a 2017 da 2019 bai nuna ya gyara fahimta ko alamun otizim ba, duk da cewa yana rage ƙullun yana kuma taimakawa wajen farfaɗiya. Masu binciken nan ba maƙaryata bane, aikin ɓeran gaskiya ne, na yaran ma gaskiya ne. Amma da a ce takardar ɓeran kawai aka turo maka fa?

Toh shi ya kawo mu kan yadda za a karanta jerin. Yawan takardu shi ne abu na farko da ke ruɗar mutane kuma shi ne mafi ƙarancin ma'ana. A wannan fanni takarda ɗaya na iya ɗaukar sunaye ashirin, wanda ke farko yawanci shi ya yi aikin da hannunsa, na ƙarshe shi ne mai lab ɗin da ya jagoranta, na tsakiya kuwa wataƙila samfurin jini kawai ya bayar. In ka buɗe shafukan neman takardun bincike, PubMed ko Google Scholar, duka kyauta ne ko a waya, ka duba a takardun otizim ɗin ina sunansa yake. Ka duba kuma wace iri ce, don akwai takardar da aka yi sabon gwaji, akwai wadda bita ce kawai ta tattaro abun da wasu suka yi, mutum zai iya tara bita talatin bai taɓa ganin yaro mai otizim a asibiti ba. Lambar nan da ake kira h-indes, wadda wani masanin fiziks Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005, in an ce tasa 20 ce ana nufin yana da takardu 20 da aka ambaci kowace aƙalla sau 20. Tana nuna an san da shi, bata nuna abun da ya faɗa daidai ne, don ana ambaton takarda ko don a ƙaryata ta, kuma wasu su da abokansu suke ta ambaton junansu.

Mujallar ma sai an duba. Akwai waɗanda kasuwanci kawai suke, ka biya dala su buga maka ko me ka rubuta. A 2013 wani ɗan jarida John Bohannon ya ƙirƙiri takardar bogi da gangan, cike da kurakuran da ɗalibi ma zai gani, wai an gano maganin kansa, ya tura wa mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Kuma kar a ce ai manyan mujallu sun tsira, a 2012 masana a kamfanin magunguna na Amgen suka bayyana cewa sun yi ƙoƙarin maimaita manyan bincike 53 na kansa, guda 6 kawai suka tabbata a hannunsu. A 2023 kaɗai takardun da aka janye a duniya sun haura 10,000. Shi ya sa tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce, wani lab daban, a wata ƙasa daban, da wasu yara daban, ya sake gwajin ya samu abu ɗaya? In amsar a'a ce toh abun na nan a matsayin hasashe, ko da sunan wace jami'a ke kai.

Akwai lissafin da nake so kowa ya riƙe, don a nan ake cin mutane. Za ka ga an ce gwajin na daidai kashi 90 cikin 100, ka ji kamar an gama. Mu ɗauka misali, yara 1,000 aka kawo awo, 10 cikinsu ke da otizim. Gwajin zai kama 9. Amma cikin 990 ɗin da lafiyarsu ƙalau zai yi kuskure a ɗaya cikin goma, yara 99 kenan. Iyaye 108 za su koma gida da mummunan labari, 9 ne kawai nasu gaskiya. Yawancin takardun bayomaka kuma ba haka suke gwadawa ba, sai su ɗauki yara ƙalilan da kowa ya san suna da otizim mai tsanani su kwatanta da wasu lafiyayyu garau, alhali likita a Korle Bu ba wannan bace matsalarsa, shi so yake ya bambance otizim da kurumta, da jinkirin magana, da illar da shawara ta jarirai ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa suka bari. Ga kuma yaro mai otizim sau da yawa abinci biyu ko uku kawai yake yarda ya ci, wani shinkafa fara da koko shikenan, dole jininsa da bayan gidansa su bambanta da na sauran yara, sai mai bincike ya auna ya ce ya gano sanadi alhali sakamako ya gano.

Ba wasa bane in takarda marar tushe ta shiga gari. A 1998 Andrew Wakefield ya buga aiki kan yara 12 kacal a Lancet, babbar mujallar likitoci ta Ingila, yana danganta allurar ƙyanda ta MMR da otizim. Sai 2010 aka janye takardar aka kuma soke lasisinsa na likita bayan an bankaɗo rashin gaskiya a aikin. A 2019 masu bincike a Denmak suka buga bibiyar yara 657,461, ba su ga wata alaƙa ba. Amma har yau zan ji wata a layin awo tana cewa tun da aka yi wa ɗanta allurar wata 18 ya daina magana. Ban raina abun da ta gani ba, da gaske lokacin ne ya canza, sai dai tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu shi ne dama lokacin da alamun ke fitowa fili, an yi allura ko ba a yi ba. Haka kuma masu gwajin gashi ko fitsari da ke cewa yaro na da gubar ƙarfe sai an wanke jininsa, a 2005 wani yaro ɗan shekara 5 ya rasu a Amurka wajen irin wannan wankin. Akwai ma ruwan da ake sayarwa da sunan MMS, wanda sinadarin bilic ne, FDA ta sha gargaɗi a kansa. Gwajin bogi kusan kullum da maganin bogi a bayansa, shi ya sa in mai takardu shi ne kuma mai sayar da gwajin ko ƙwayoyin, ka sauka ƙasan takardar inda ake bayyana wa ya ba da kuɗin binciken da ko marubucin na da kamfani.

Wani abu da ke ci min rai shi ne ko takardar ta cika duk sharuɗɗan nan, su waye yaran da ke ciki? Kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu 'yan asalin Turai ne, alhali Afirka ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado. Ma'aunin da aka saita da jinin yaron Boston ba tabbas zai yi aiki a yaron Sabon Zango da ya sha fama da maleriya da ƙarancin jini, ko mai sikila. Kuma ba wai bamu da wuraren yi bane, ga cibiyar Noguchi a Legon tun 1979, ga WACCBIP a jami'ar Gana, ga KCCR a Kumasi, sai dai ƙarfinsu ya fi karkata ga cututtuka masu yaɗuwa don can kuɗin tallafi ke zuwa. A Kenya da Afirka ta Kudu an fara wani aiki mai suna NeuroDev da ke tattara bayanan gado na yara masu irin wannan lalura, irinsa muke buƙata a nan, kuma ranar da aka zo neman masu shiga ina fata mu mutanen zango ba za mu ɓoye yaranmu a ɗaki ba, in dai an yi mana bayani da harshenmu an nemi yardarmu yadda ya kamata.

Wata ƙanwata ta taɓa ce min, “Yaya, toh in babu gwajin jini ni me zan yi, in zauna in jira?” A'a, jiran shi ne asarar. A gidajenmu da an ga yaro haka sai a ce aljanu ne ko baki ne ya kama shi, ko kaka ta ce rabu da shi babansa ma sai da ya shekara huɗu ya yi magana, a yi ta yawo har lokacin da taimako ya fi tasiri ya wuce. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, a haɗa duka. Akwai tambayoyi 20 da ake kira M-CHAT na yara 'yan wata 16 zuwa 30, cikin mintoci ake amsawa, sannan a fara gwada ji, sannan likitan yara a Korle Bu ko asibitin Komfo Anokye na Kumasi ya duba ya tura wajen masu koyar da magana da masu horar da yaro harkokin yau da kullum. Gaskiya ba su da yawa, mafi yawansu a Ankara da Kumasi suke kuma da tsada, wannan kuka ne da ya kamata mu kai wa 'yan majalisarmu tunda dokar masu naƙasa ta 2006 na nan a rubuce. Akwai kuma cibiyar AACT da Serwah Quaynor, uwa ce ita ma ga mai otizim, ta kafa a Ankara a 1998, iyaye na samun jagora a can.

In za a je ganin likita, a ɗauki bidiyon yaron a waya yana cikin halinsa na gida, ana kiran sunansa, yana wasa, don a ɗakin likita yaro na iya ƙin yin komai. A tafi da littafin awo, don nas ɗin da ke zagaya kan jariri da tef tana rubutawa ba aikin banza take ba, jerin lambobin nan ne zai nuna ko kan na girma fiye da kima. In kan ya yi girma sosai, ko akwai fararen tabo ko masu ruwan ƙasa a fata, ko farfaɗiya, ko kuma a dangi ana yawan samun kansar nono ko ta maƙogwaro da ƙuruciya, a faɗa wa likita ko bai tambaya ba, don irin wannan yaron ne gwajin ƙwayoyin gado zai iya amfana, shi da mamansa da 'yan uwanta mata.